Kwana Ɗaya a Roni

A gabana aka ƙulla maganar, a rumfar tashar Kazaure, wata Laraba da hantsi, shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji kowa ya sayi rediyo da keke. Ni ne ɗan kamashon layin Roni da Gwiwa. Duk motar da za ta bi hanyar ni ke cika ta, shi ya sa suka zaɓe ni shaida.

Daudu mahauci yana zaune a kan bencina, wuƙarsa a kube a ƙugu. Zarami direba yana tsaye ya jingina da sabuwar a-kori-kurarsa, yana kaɗa makulli a yatsa. Abin da ya haɗa su mace ce, Tasalla, wadda Daudu ya saka, Zarami ya aura ya kai ta Roni. Abin da ya kawo su wurina kuwa yaro ne, Sama'ilu, ɗan shekara bakwai, ɗan Daudu da Tasalla.

"Kawu, ka ji da kunnenka," in ji Daudu. "Kwana ɗaya. Ya ɗauke shi Alhamis da rana, ya dawo mini da shi Juma'a kafin a shiga masallaci. Ba biyu ba, ba ɗaya da rabi ba."

"Na ji," in ji Zarami. "Ni ba don matar ta hana ni sakat da kuka ba, me zan yi da ɗan wani? Yara ne babu a Roni?"

"To ka bar mini abina mana."

"Ai na gaya maka dalili."

"Awakina fa?"

"Duk abin da ka saya a ƙauyukan Gwiwa, a tara a bakin hanya, in kwaso maka ranar Juma'a. Ko kwabo ba za ka ba ni ba."

Daudu ya sosa gemu. Daga nan ya ce, "Saura ɗaya. Kada in ji ya ce maka Baba."

"Ya ce mini direba ma in ya ga dama."

Suka tafa, na fasa goro na raba musu. Yaron yana can gefe yana wasa da murfin kwalba. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya tambaye shi komai.

Alhamis ta farko na kama hannunsa na ɗora shi a gaba, kusa da direba. Bakinsa har kunne. Juma'a ya sauko da sabuwar riga mai aljihu biyu da takalmin roba ja. Daudu yana tsaye yana jiran awakinsa. Ya ƙirga su, ya matsa cikin kowace, sannan ya juyo ga ɗansa.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Direba."

"Tuɓe."

A tsakiyar tasha yaron ya tuɓe. Daudu ya zare wuƙa ya tsarga rigar daga wuya zuwa ƙasa, ya datse takalman gida biyu-biyu, ya watsa su gaban motar.

"Ka gaya wa matarka ɗana ba tsirara yake yawo ba," ya ce wa Zarami.

"Yanzu dai ga shi tsirara," in ji Zarami. 'Yan tasha suka kwashe da dariya. Dariyar nan a jikin yaron aka rama ta. Tun daga tasha har unguwar mahauta Daudu yake tafe yana ƙwalarsa a ƙeya.

Alhamis ta gaba Zarami ya sake saya masa riga, wadda ta fi ta farko tsada. Ba don yaron ba. Ni na san masu mota, shekara talatin nake cikinsu. Daɗi yake ji ya ga mahauci yana tafasa.

Abin da ke faruwa a Roni kuwa a bakin Gumsu nake ji, wata mai sayar da turaren wuta da katangarta ke haɗe da ta Zarami, duk mako takan hau motar zuwa Kazaure. Ita ta gaya mini yaron ba a ɗakin uwarsa yake kwana ba. A zaure ake shimfiɗa masa buhu, tsakanin tsofaffin tayoyi da duron fetur.

"Na yi wa Zarami magana," in ji Gumsu. "Ka san abin da ya ce? Wai shi mako guda yana kan hanya, daren Juma'a ne kaɗai yake gida, ba zai raba ɗaki da agola ba. Wai alkawarin da ya ɗauka ya kawo yaro Roni ne, kuma ya kawo shi."

"Uwar fa?"

"Kawu, ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta iya faɗa. Sai dai ta cika masa kwano ta turo, ta laɓe bayan zana tana kallonsa yana ci. In ya ɗago kai ta kau da fuska."

Abin da aka yi ta rigima a kansa ke nan. Mil goma sha wani abu a kan hanya mai ramuka, don uwa ta leƙi ɗanta ta kafar zana.

Tsoron zauren ya sa ya fara fitsarin kwance, abin da ya daina tun yana shekara uku. Ranar da Zarami ya taka danshi da sassafe, da bel ya tashe shi. Ya ce tarbiyya ce, tunda uban bai koya masa ba. Mutum ɗaya ce a gidan take jansa a jiki, Ya Kura, tsohuwar Zarami, wadda idonta ya fara rauni kuma Hausarta ba ta nuna ba. Takan zaunar da shi a tabarmarta ta ba shi dabino, tana koya masa gaisuwar Barebari. Da zuciya ɗaya take yi. Ba ta san abin da take ɗora masa ba.

Wata Juma'a ya sauko daga mota ya durƙusa gaban ubansa, maimakon ya ce sannu sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "Wushe."

Abokan sana'ar Daudu biyu suna wurin. Ɗaya ya dafa kafaɗarsa. "Daudu, ashe Babarbare ka haifa ba mu sani ba? Sai ka fara koyon yaren, don ku riƙa gaisawa."

Daudu ya kwance igiya daga wuyan wata akuya ya ninka ta biyu. Sai da na shiga tsakani, igiyar ta same ni a dantse, shatarta ta yi kwana huɗu a jikina. Ni da nake da tsohuwar fata ke nan.

"Kawu, ka fita daga maganar nan. Ɗana ne."

"Na san ɗanka ne. Ba akuya ba ne dai."

"Akuya ta san gidan ubangijinta."

Daga ranar yaron ya rage magana. In zai tafi Roni ba ya dariya, in ya dawo ba ya gaisuwa da kowane yare, sai dai ya durƙusa ya sunkuyar da kai. A Kazaure ana dukansa a tambaye shi abin da aka ce a Roni. A Roni ana marinsa a ce ɗan rahoto ne. Na taɓa ce masa, "Sama'ilu, in ba ka son zuwa ka gaya mini, in ce mota ta cika." Ya dube ni ya ce, "Inna tana dafa mini wake." Ya hau.

Da damina ta yi nisa aka yi wani ruwa daren Juma'a, rafin da ke tsakanin Roni da Kazaure ya cika ya shafe hanya. Mota ba ta iya wucewa ba sai Lahadi. Kwana uku ke nan. Daudu ya yini a tasha ranar Juma'a, ya yini Asabar, bai yanka ko kaza ba. Na ce masa ruwa ne, kowa ya gani. Ya ce ruwan bai hana masu jakuna ƙetarewa ba.

Abin da ya ƙarasa lalata al'amarin wani mai jaki ne ya kawo shi. Ya ce ya ga Zarami a bakin rafin yana shan shayi da yaron a gefensa, wani baƙo ya tambaya, "Direba, wannan naka ne?" Zarami ya ce, "Nawa ne mana, ba ka ga kama ba?"

Na san wasa Zarami ya yi. Na kuma san ya san maganar za ta iso.

Ranar Lahadi da motar ta shigo na shirya raba faɗa. Ba a yi ba. Daudu ya karɓi awakinsa, ya kama hannun ɗansa, har ya ce wa Zarami sannu da hanya. Wannan sannun ta fi ba ni tsoro a kan igiyar.

Laraba da yamma na je unguwar mahauta karɓar 'yar tsokar da Daudu yakan ajiye mini. Na tarar da shi a zaure tare da Lauwali wanzami, zabira a buɗe a gabansu. Gidan su Daudu suna da askarsu ta gado: tsaga uku-uku a kowane kunci, da bille ɗaya da ke tasowa daga karan hanci ya bi ta ƙarƙashin ido. Daudu yana da ita, ubansa ma da ita ya mutu. Sama'ilu ne ba a yi wa ba, don ranar sunansa Daudu da bakinsa ya ce zamani ya sake, yaro boko zai yi, a bar masa fuskarsa.

"Daudu, askar gida ranar suna ake yin ta," Lauwali yake cewa. "Jariri fatarsa kamar ganye take, bai san an yi ba, kwana bakwai ta warke. Wannan ya yi ƙwari. Zai yi fizge-fizge."

"Za a riƙe shi."

"Billen nan kusa da ido yake."

"Kai wanzami ne ko mai wa'azi? In ba za ka iya ba in kira wanzamin Yankwashi. Cinya guda na ware maka, da kai da ƙafa."

Lauwali ya dubi askarsa, ya dubi ƙasa. Ya ce, "To a kawo shi da hantsi, kafin rana ta yi zafi jini ya tsinke."

Na ce, "Daudu, me yaron nan ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi. Gata zan yi masa. Daga gobe duk wanda ya gan shi, daga nan har Damagaram, ba sai ya tambayi ɗan wane ne ba."

Na karɓi tsokata na tafi. Na faɗa ne don kada a ce na ɓoye nawa.

Abin da aka yi da hantsin Alhamis maƙwabta sun ji, wasu sun gani. Ƙartin mahauta biyu, mutanen da suka saba kayar da sa, su suka danne shi. Ɗaya ya zauna a kan ƙafafunsa, ɗaya ya murɗe hannayen ta baya. Daudu da kansa ya matse kan tsakanin gwiwoyinsa. An ce da farko yana kiran Baba. Da aka gama kuncin dama aka koma na hagu sai ya koma kiran Inna, Daudu ya toshe masa baki da tafin hannu. Wajen billen ne ya sami kansa ya fizge. Askar ta zarce ta tsarga fatar idon hagu ta ƙasa. Lauwali ya ce ba komai, ƙujewa ce. Ya kankaro baƙin gindin tukunya ya cusa a kowace tsaga, har da ta idon, don zanen ya fito sosai.

Da azahar Daudu ya kawo shi tasha a kafaɗa. Fuskar ta kumbura ta yi suntum, jini da baƙin tukunya sun bushe a kai, ƙudaje suna bi. Matan da ke cikin mota suka yi ta salati.

"Yau Alhamis," in ji Daudu. "Ni ba na saɓa alkawari. Kawu, ɗora shi."

"Ka kai yaron nan gida ya kwanta."

"A'a. A kai shi Roni su gani. A nuna wa tsohuwar ma, in idonta zai iya."

Zarami ya zagayo ya tsaya yana kallon yaron. Na ɗauka zai ce wani abin kirki. Sai ya ce, "A sa shi a baya. Kada ya ɓata mini kujera."

A baya aka sa shi, kan buhunan gishiri, Gumsu ta tallafe kansa a cinyarta.

Ita ta ba ni labarin sauran. Da Tasalla ta ga fuskar ba ta yi kuka ba, zama ta yi daɓas a tsakar gida. Ya Kura ta shafa fuskar da yatsu, ta ɗaga hannu ta yi ta magana da yarensu, ba wanda ya fassara. Kafin magariba jikin yaron ya yi zafi kamar garwashi. Tasalla ta saɓa shi a baya, ƙato da shi, ƙafafunsa suna jan ƙasa, ta kai shi wurin Malam Barnabas, ma'aikacin ɗakin shan magani, mutumin kudancin Zariya da ya daɗe a garin. Ya wanke tsagar, ya tsaya a kan idon ya daɗe.

"Wa ya yi wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

"To ki ji. Datti ya shiga idon. Zan yi masa allura yau, kuma sai an yi ta kwana biyar a jere, safe da yamma, ana wanke wurin. In aka tsallake, ba na ɗaukar alhakin idon nan."

A daren ne kaɗai, cikin duk watannin nan, Sama'ilu ya kwana a ɗakin uwarsa. Zarami ne ya koma zaure, yana ta tsaki.

Da safe ta durƙusa a gabansa. "Maigida, ka bar yaron nan ya cika kwana biyar ɗin. Ni zan je in roƙi uban."

"Ba inda za ki. Kwana ɗaya muka yi da shi, a gaban shaida."

"Ai kwanan baya ya yi uku."

"Ga abin da ukun ta jawo nan a fuskarsa. Ke ba ki da hankali ne? In yaron nan ya mutu a gidana, wa za a ce ya kashe shi? Wanda ya yanka shi ya je ya yi jinyarsa."

Ya ɓamɓare shi daga jikinta. Da ta riƙe ƙafar yaron ya take mata hannu da takalmi har ta saki. Malam Barnabas ya biyo motar da gudu ya miƙa wa Gumsu takarda, ya ce a kai wa ma'aikacin Kazaure a ci gaba da allurar a can.

Ni na miƙa wa Daudu takardar da hannuna. Ya jujjuya ta, shi ma kamar ni ba karatun boko ya yi ba. Sannan ya dubi fuskar ɗansa ya ga an wanke ta fes.

"Wa ya ce a wanke?"

"Likita ne. Ya ce idon..."

"Lauwali ya ce in ruwa ya taɓa, ko maganin Turawa, tsagar haɗewa za ta yi ta ɓace. Wato abin da suke so ke nan. Su goge mini aska." Ya yayyaga takardar.

Da suka isa gida ya sa aka kira Lauwali, aka sake buɗe inda ya fara kamewa, aka sake cusa baƙin tukunya. Maƙwabta sun ce wannan karon ba su ji kuka ba, sai wani gurnani.

Asabar, Lahadi, Litinin. Na je duba shi ranar Talata. Tun daga zaure na ji wari. Yana kwance a kan tabarma, idon hagu ya kumbura ya kai girman ƙwan agwagwa, ruwa rawaya yana tsiyaya zuwa kunne. Gwaggon Daudu, tsohuwar da ke riƙe da gidan, tana kore masa ƙuda da mafici. Ta ce mini, "Ƙarfin jini ne, Kawu. Uban ma da aka yi masa sai da ya kumbura." Na ce uban yana da kwana bakwai a duniya aka yi masa. Ta ce ita dai ba ta shiga tsakanin ɗa da uba.

Na sami Daudu a mahauta na ce ya ba ni yaron in kai shi asibiti, ko sisinsa ba na so. Ya ce in bari tsagar ta kama tukuna, nan da Juma'a. Ya ce ni ba ni da ɗa namiji, shi ya sa ban san zafin a ce ɗanka na wani ne ba. Na aika wa Tasalla ta bakin Gumsu cewa in tana son ganin ɗanta da ido biyu, kada ta jira Alhamis.

Laraba da hantsi sai ga ta. A ƙafa ta taso daga Roni tun asuba, matar da ke cikin kulle, ba izini, ba takalmi, zanenta jiƙe da ruwan rafi har ƙugu. Ba ta tsaya a tasha ba, ta wuce mahauta. Na rufe littafin lodi na bi ta.

Daudu yana saran ƙashi a kan kututture. Ta tsaya a gabansa, gaban mahauta da masu sayen nama.

"Ina Sama'ilu?"

Kowa ya juyo yana kallonta. Ba wanda ya taɓa jin mace ta kama sunan ɗanta na fari a bainar jama'a.

"Yau Laraba," in ji Daudu, bai ɗago ba.

"Ka ba ni shi in kai shi a yi masa allura. In ya warke ka riƙe abinka. Na yafe kwanan, har abada na yafe."

"Ki koma gidan mijinki."

Ta juya ta nufi gidansa da ke kusa da mahautar, ya sha gabanta. Ta ture shi. Ya ɗauke ta da mari da hannun da ke da jini, ta faɗi cikin kwatar da ruwan yanka ke bi. Ta tashi ta sake nufar gidan. Ya damƙi gashinta ya fizgo ta baya.

A nan Zarami ya iso. Ya ratsa ta gida da safe bai ga matarsa ba, ya biyo ta da mota babu fasinja. Ya diro da ƙarfen kwance taya a hannu. Kada wani ya ce don yaron ya zo, ko don ita. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Kai, matata kake taɓawa?"

Ya kai wa Daudu duka a kafaɗa, muka ji ƙashi ya amsa. Daudu ya durƙusa, ya laluba da ɗaya hannun ya zaro wuƙa, ya yanke shi a cinya. Suka kama juna suka faɗa kan teburin nama, teburin ya karye, hanji da tumbi suka watse a ƙasa, suna birgima a ciki. Zarami ya ciji kunnen Daudu har ya cire gefe. Mahauta suka yi caa a kansu, wasu na rabo wasu na ƙara wa direban. Da aka janye Zarami, jini na bin ƙafarsa, ya waiga ya ga Tasalla, ya kai mata ƙafa a ciki. "Da izinin wa kika fito?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta rarrafa ta miƙe, ta shiga gidan da aka sake ta a cikinsa, ta fito da yaron a baya. Ba wanda ya tare ta, duk hankali yana kan mazan. Na tsayar da wata motar Daura mai zuwa Kano, na sauke mutum biyu na ba su haƙuri, na sa ta a gaba.

A babban asibiti a Kano aka ce mata da ta zo kwana uku da suka wuce da an ceci idon. Cire shi aka yi, don kada ruɓar ta shiga kai. Suka yi kwana ashirin da shida a can, tana kwana a ƙasa gefen gadonsa.

Da suka dawo manya suka zauna a zauren mai unguwa, aka kira ni shaida. An yi maganar kafaɗar Daudu da kunnensa. An yi maganar cinyar Zarami, da teburin da aka karya. An daɗe a kan fitar Tasalla ba izini. Da na kawo maganar idon, wani dattijo ya ce ƙaddara ce, uba kuma ba ya nufin ɗansa da sharri. Lauwali ya ce shi aikinsa aka kira shi ya yi, kuma ya faɗa tun farko yaron zai fizge. Aka yanke cewa tushen fitinar duk kwanan Roni ne, saboda haka an soke shi. Yaro ya zauna gidan ubansa. In uwar tana son ganinsa ta zo da Sallah, da izinin mijinta. Aka sa mazan biyu suka yi musafaha, aka shafa fatiha.

To ga yadda aka tashi. Daudu ya samu abin da yake so: ɗansa ba ya ƙara kwana a gidan wani, kuma tsagar ta fito raɗau, daga nesa ake gane ta. Zarami ya huta da agola, har mutane suna yaba masa cewa namiji ne, ya zubar da jini a kan matarsa. Lauwali ya ci cinya da kai da ƙafa, bai rasa ko gida ɗaya cikin gidajen da yake yi wa aski ba. Ni ma ban rasa komai ba, lodi na ci gaba da yi.

Tasalla ta koma Roni, don iyayenta sun ce saki biyu ya yi yawa ga mace ɗaya. Tana da juna biyu na wata uku ranar da aka shure ta, cikin ya zube a hanyar Kano. Sallar farko Zarami ya ce hanya ba kyau, ta biyu ya ce ba ya gari.

Sama'ilu kuwa shekararsa bakwai. Ba shi ya yi saki ba, ba shi ya yi aure ba, ba da shi aka tafa a rumfata ba. Shi ya biya da ido ɗaya, da uwa. Bokon da aka ce zai yi bai yi ba, yara sun hana shi zama a aji da tsokana. Daudu ya ba shi tire yana zagaya tasha da balangu. In motar Roni tana lodi yakan zo ya tsaya daga gefen dama, inda idonsa yake gani, har ta cika ta tashi. Ba ya tambayar kowa komai. Ranar da na ce masa ko yana da saƙo in ba Gumsu, ya ɗan yi tunani, ya ce, "Ka ce mata na daina fitsarin kwance."